Layi na Uku

Ƙarar hatimi ce ta tayar mini da wannan magana. Makon jiya na raka 'yata ofishin ƙaramar hukuma, makaranta ta ce sai ta kawo wata takarda mai hatimi. Muna zaune a benci tun hantsi, sai wani ma'aikaci daga ciki ya danna hatimi a tawada, ya buga a takarda. Dum, dum. Sau biyu kawai, amma sai da na ji warin gam da man goge takalmi a hancina, alhali babu ko ɗaya a wurin.

A bangon da ke gabanmu an jera hotunan waɗanda suka riƙe garin nan. Ciyaman zaɓaɓɓe, ciyaman na riƙo, kantoma, wani da hula, wani da kwat. Yarinyar tana karanta mini sunayen, don ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, kuma ido ya fara gajiya. Ta tambaye ni wanne ne na lokacin da nake yaro. Na duba daga wannan kusurwa zuwa waccan, na dawo. Na ce mata ban sani ba. Ta ɗauka ganda ce irin tawa, amma wallahi ban sani ba. Kuma ni ya kamata in sani fiye da kowa a bencin nan, don zaɓen ɗaya daga cikinsu ne ya raba ni da ubana. Ko kuma ba shi ba ne. Ka bi ni a hankali, ni ma ban gama ganewa ba.

A hannun kakanni na tashi. Uwata ta rasu ina ƙarami, ubana ya kasa zama, ya hau motar shanu daga kasuwar Mubi ya yi Kudu. Kakana, wanda muke ce wa Baba Tsoho, gyaran takalmi yake yi. Ubansa ya zo daga wajen Katsina da fatauci na fata, ya sauka a nan bai koma ba. Wurin aikin Baba Tsoho gindin wata dalbejiya ne, daidai gaban gidan waya. Akwatin katako ɗaya, basilla, zare, ƙaramar guduma, da benci mai ƙafa uku da dutse ɗaya. In ka zauna a bencin nan da safe za ka ji ana buga wa wasiƙu hatimi ta taga, dum, dum, har ka daina ji.

Ubana yana aiko da wasiƙa sau biyu ko uku a shekara. Shi ma ba ya rubutu, biyan wani yake ya rubuta masa. Ba mu da akwatin gidan waya, saboda haka a bayan ambulan abin da ake sawa shi ne tsoho mai gyaran takalmi, gindin bishiya, gaban gidan waya, Mubi. Shi ke nan adireshinmu a duniya. Kuma yana isowa, saboda mutum ɗaya.

Fosmasta muke ce masa. Mutumin duwatsun Michika ne, Kirista, gajere, fensir a bayan kunne kullum. Takalminsa baƙi ƙafa ɗaya ne tal, Baba Tsoho ya sake masa ƙasa har ba a san sau nawa ba. In wasiƙa ta zo, ba ya aiko masinja. Da kansa yake tsallako titi, ya zauna a benci, ya cire takalmi ya miƙa, sannan ya buɗe ambulan ya karanta yana juya mana da Hausarsa ta mutanen dutse. Ya ce yana gaishe da mamansa, ya ce mamansa ya rage cin goro. In na kai wa Kaka saƙon haka yadda na ji shi, sai ta ce in koma in gaya wa Fosmasta ita mace ce tun kafin a haife shi. A ƙarshen kowace wasiƙa akwai layi ɗaya nawa. Wani lokaci a ce in yi karatu, wani lokaci a tambaya ko na kai tsawon akwatin aiki. Don layin nan nake rayuwa, ba ƙari a maganata.

Amsa ma shi ke rubutawa. Ubana ba ya zama wuri ɗaya, yau hannun wani mai shanu, gobe hannun wani limami a wani gari. Fosmasta sai ya duba hatimin da ke kan ambulan ya gane garin, ya haɗa da 'yar takarda zuwa ga takwaransa na can, ya roƙe shi ya tambaya a zangon shanu. A haka muke riƙe da ubana, da zare ɗaya, kuma bakin zaren yana hannun mutum ɗaya.

Su ciyaman kuwa, ni a lokacin ban san me suke yi ba. Yau ka ji an zaɓi wani, kafin ka riƙe fuskarsa rediyo ta ce soja sun rushe, an kawo kantoma. Kafin ka gane mene ne kantoma, an ce na riƙo ne. Sunan jihar ma an canja mana muna zaune, daga baya garin kansa aka raba biyu, aka ce wasu su riƙa zuwa Gella. Baba Tsoho yakan ce shi a garin nan shugaba ɗaya ya sani, wanda yake buɗe ƙofa ƙarfe takwas kowace safiya, ko an yi juyin mulki ko ba a yi ba.

Sai aka zo da zaɓen ƙato bayan ƙato. Yaran yanzu ba su san shi ba. Babu ɗaki, babu dangwala yatsa a ɓoye. A fili ake ɗaga hoton ɗan takara, ka je ka tsaya a bayansa, rana tsaka, maƙwabcinka yana kallonka, a zo a ƙirga kawuna. 'Yan takara biyu ne. Ɗaya wani Alhaji mai shagon yadi, kuma gidan da muke haya na yayansa ne. Ɗayan tsohon hedimasta ne daga dutse, cocinsu ɗaya da Fosmasta, an ce ma akwai dangantaka.

Mai unguwa ya zo gidanmu sau biyu. Bai yi barazana ba, gaisuwa kawai ya yi mai tsawo, ya tambayi lafiyar rufin ɗakin, ya ce mai gida yana yabon zamanmu. Kaka ta gane, ni ma da nake yaro na gane. Fosmasta kuwa bai taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya. Yana zuwa ya zauna, ya miƙa takalmi, su yi hirar gyaɗa da farashin fata. Ina jin wannan shirun ya fi gaisuwar mai unguwa nauyi a wuyan Baba Tsoho. Kwana da kwanaki kansa a sunkuye yana buga ƙusa.

Ranar zaɓe an gama cirar gyaɗa, duk inda ka bi warin harawa ne a kan rufi da katanga. Kaka gwiwarta ta kumbura, ba ta iya fita. Ta kira ni ɗaki ta riƙe kunnena, ba da zafi ba.

“Maigidana, idon tsohon nan ba ya ganin nesa. Ka riƙe hannunsa har ka kai shi layin Alhaji. In ka sake shi, na sake ka, in nemi wani mijin.”

Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

A filin makarantar firamare ake yi. An ja igiya, ɗan sanda ya ce yara iyakarsu nan. Ka ga abin da Kaka ba ta sani ba ke nan. Na tsaya a bakin igiya, Baba Tsoho ya sunkuyo ya ce in nuna masa. Layin Alhaji yana hannun dama, wani saurayi a gaba ya ɗaga hoto sama. Gaba kaɗan da su, a gefe, kusa da bishiyar mangwaro, Fosmasta yana tsaye shi kaɗai, ya ɗaga jarida a kansa yana tare rana. Shi ma zaɓen ya zo, ina jin jira yake layuka su daidaita. Duk su biyun a saitin yatsana suke. Na miƙa hannu na ce ga shi can, mai ɗaga takarda.

Abin da na ce ke nan. Mai ɗaga takarda. Shekara talatin da wani abu ina juya kalmomin nan.

Baba Tsoho ya tsallaka igiya. Ina kallonsa ya nufi layin Alhaji, ya kai daidai mutumin ƙarshe. A nan ya rage tafiya. Na rantse ya rage tafiya, har mutumin ya matsa ya ba shi wuri. Sai ya wuce. Ya tafi a hankali, hannu a baya, ya je ya tsaya a bayan Fosmasta, ya gyara hularsa.

Da a nan ta tsaya, da dariya za a yi a wuce. To sai ga mai ƙosai ta bakin gidan waya ta fita daga inda take raɓe, ta je ta tsaya bayan Baba Tsoho. Sai wani tsohon soja da ke karɓar takardun fanshonsa a taga. Sai dattawa biyu da na san 'yan coci ne. Sai mai shayi. Duk mutanen da tun safe suke zagaye filin, suna gyaran takalmi da ɗaurin zane don kada su shiga layi da wuri, sai suka ga wuri ya samu. Daga baya wasu sun ce mutum goma ne, wasu sun ce sun fi arba'in. Ni dai na ga layi, kuma ya fi sauran biyun tsari, don mutanen sun saba bin layi a gaban mutumin nan.

Fosmasta bai san abin da ke bayansa ba sai da aka fara shewa. Ya juya, jaridar ta sauko.

“Baba, me kana yi a nan?”

“Layi nake bi.”

“Wannan ba layi ba ne. Ni ba na cikin takara.”

Baba Tsoho ya waiga bayansa, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “To ga mutane kuwa.”

Fosmasta ya matsa gefe, layin ya matsa. Ya koma bayan mangwaro, suka bi shi. Malamin zaɓe ya zo da takardunsa yana zufa, ya ce shi layi biyu aka ba shi, ba shi da gurbin na uku, duk wanda aka hura usur bai shiga ɗaya daga biyun ba, ba shi a lissafi. Wasu suka sulale, kowa ya tafi inda yake tsoro. Wasu suka tsaya. Aka hura usur Baba Tsoho yana nan, Fosmasta yana gabansa riƙe da jarida, shi ma ba a ƙirga shi ba.

Kada ka tambaye ni wa ya ci. Kaka ta ce Alhaji ne. Wani kawuna ya ce hedimasta ne ya ci, aka je kotu. Mai shayi ya ce ko wanene ma bai daɗe ba aka rushe su. Abin da na sani, a filinmu tazarar kaɗan ce, kuma kowane ɓangare ya ce mutanen layi na uku nasa ne aka janye. Mutanen Alhaji suka ce Fosmasta ya shirya abin don ya rage musu Musulmi. Mutanen hedimasta suka ce ya sayar da ɗan'uwansa, ya kwashe dattawan coci. Mutumin da jarida kawai ya ɗaga. Mai gidanmu bai kore mu ba, amma ya daina amsa gaisuwar Baba Tsoho har ya mutu.

Kafin ruwan farko ya sauka, takardar canjin wurin aiki ta zo wa Fosmasta. Ya tsallako titi ya zauna a benci, ya miƙa takalmin a sake masa ƙasa, ya ce inda zai je akwai tafiya. Baba Tsoho ya yi ɗinkin nan a hankali fiye da kullum. Da ya gama ya tambaye shi, kansa a ƙasa, ko saboda shi ne. Fosmasta ya yi dariya ya ce aikin gwamnati haka yake, an kawo shi ba a tambaye shi ba, za a ɗauke shi ba a tambaye shi ba. Ya ce mu nemi akwati mai lamba. Ya shafa kaina ya tafi. Dariyar ba ta kai idonsa ba, ko kuma ni ne na ga haka.

Wanda ya gaje shi saurayi ne mai tabarau, mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya ce a ƙa'ida wasiƙa da lambar akwati take zuwa, amma zai sa ido. Baba Tsoho ya kama akwati, aka ba shi ɗan makulli. Wani malamin makaranta ya rubuta mana wasiƙa zuwa adireshin ƙarshe, muka sa lambar. Shiru. Muka sake. Shiru. Damina ta wuce, mayo, kogin garin, ya cika ya janye, aka sake cirar gyaɗa. Ni aka ba makullin, duk Juma'a kafin masallaci in buɗe. Har yau in na rufe ido ina jin warin ƙarfen nan, ina ganin haske ta ɗaya gefen, babu komai a tsakani sai yanar gizo-gizo. Mun tambayi direbobin motar shanu labarin ubana. Wani ya ce ya gan shi a wani zango ya yi ƙiba, wani ya ce an ce ya ƙara gaba, wani ya ce bai taɓa jin mai wannan kama ba.

To ko ya ci gaba da rubutowa gindin bishiya, wasiƙun suna ɓacewa a hanya don babu wanda ya san tsohon? Ko ya mutu a watan nan, Fosmasta yana nan ko ba ya nan duk ɗaya? Ko ya yi wata matar ya gaji da mu? Ban sani ba. Kaka ita ta yanke nata hukuncin. Ta ce tsoho ya je ya yi wasa da manya a fili, manya suka ɗauke mutumin, ɗanta ya ɓata. Ta daina faɗa da baki bayan shekara biyu, amma yadda take ajiye masa kwanon tuwo bai canja ba.

Baba Tsoho kuwa kowa da amsar da ya ba shi. Ya gaya wa mai unguwa matsalar ido ce, ya ga mai takarda ya bi. Ya gaya wa tsohon sojan nan rana ce ta yi yawa, ya nemi inuwar mangwaro. Kaka bai ce mata komai ba. Kuma bai taɓa cewa ni na nuna masa ba, ko sau ɗaya, alhali da ya faɗa da ya huta. Washegarin zaɓen ina zaune ya zura zare a basilla karo ɗaya, ko lumshe ido bai yi ba. Na ce a raina ashe yana gani. Sai da na girma aka gaya mini ganin kusa daban, ganin nesa daban, sai na koma inda na fito.

Na kai shekara goma sha bakwai, na riga na bar makaranta ina aiki tare da shi, kafin na iya buɗe baki. Da rana ne, babu kowa a benci. Na ce, “Baba Tsoho, ranar nan ni na nuna maka. Na ce mai ɗaga takarda, ban ce wanne ba.”

Ya cire ƙusa daga bakinsa. “Ka nuna. Na gani.”

“Me ka gani?”

“Miƙo min guduma.”

Iyakarta ke nan. Ko yana nufin ya ga Fosmasta sarai ya zaɓe shi, ko yana nufin ya ga inda yatsana ya nuna ya bi, ko kuwa ya ga yaro yana neman ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa ya ƙwace, ya tafi da amsar kabari.

Da muka fito daga ofishin ranar nan, na ce wa 'yata mu bi ta gidan waya. A hanya na ba ta labarin, karon farko da na ba wani. Dalbejiyar babu ita, wani mai cajin waya ne ya kafa rumfa a wurin. Ciki shiru, sai 'yan ƙunshin kaya da mutane ke saye ta waya. Wata ma'aikaciya a bayan kanta ta saurare ni da haƙuri. Na tambaye ta ko ciyaman yana iya sa a ɗauke fosmasta. Ta ce ina, gidan waya ba na ƙaramar hukuma ba ne, canjin aiki daga sama yake zuwa, kuma kowa da lokacinsa. Sai kuma ta ce, amma dai ka san ƙasar nan. Ka ji fa. Da ta tsaya a maganar farko, da na je kabarin Kaka na gaya mata ta yi shekaru tana fushi a banza. Ta ƙara ta biyun, ta mayar da ni bakin igiya.

Na tambaya ko akwai inda aka jera sunayen waɗanda suka riƙe gidan, kamar yadda aka jera na ciyamomi. Ta ce ita ba ta taɓa gani ba, wataƙila a Yola. Na nuna mata makullin, don yana cikin makullaina har yau. Ta ce lambar an daɗe da ba wa wani.

Yanzu mutum yana Kudu sai ya danna waya ka ga fuskarsa. Zaɓe ma a ɓoye ake yi, ba mai sanin inda ka dangwala, kuma duk da haka na kan tsaya da takardar a hannu in rasa inda zan sa yatsa. Ubana in yana raye ya haura saba'in. In ya mutu, ban san shekarar da zan ce ya mutu ba.

Muna jiran keke a bakin titi yarinyar ta ce, “To Baba, a cikin hotunan can wanne kakanka ya zaɓa?”

Na ce mata ba ya bangon.

Ta ce ai in haka ne bai yi zaɓe ba, tunda ba a ƙirga shi ba. Ta fi ni karatu, wataƙila gaskiyarta ne. Ni dai na san ya tsaya a rana a bayan mutum ɗaya, gari duka yana kallo, aka hura usur bai motsa ba. Ko da gangan ya je wurin ko yatsana ne ya kai shi, lokacin da aka ce ya fita ya riga ya san bayan wa yake. Wannan kaɗai na tabbata da shi a duk labarin, kuma sai a bakin titin nan na lura, makullin yana hannuna.